Kwamfutar Marigayi Taufiƙ

"Kada ka ɗaga ta daga kan tabarmar nan," in ji tsohuwar, tun Mahfuzu bai gama zaro sukudireba daga jakarsa ba. "A nan za ka duba ta, a ƙofar ɗakinsa."

"To, Dada," ya ce, ya gyara zama.

Mahfuzu mai gyaran kwamfuta ne a bakin babbar kasuwar Garwa, kuma ba ɗabi'arsa ba ce bin gidaje. Mai lalura shi ke zuwa ya same shi a rumfa. Amma Alhaji Uba, dillalin shanun nan da ke zaune a Banyo, ba mutumin da ake ce wa a dawo gobe ba ne. Da hantsi ya tsaya a ƙofar rumfar, ya ce, "Ɗauko kayan aikinka," ya tare musu moto biyu, baburan haya. Sai da suka shiga wani lungu a unguwar Fulɓere sannan Mahfuzu ya gane gidan. Gidan Taufiƙ ne, ƙanen Alhajin, wanda motar shanu ta kife da shi a gangaren Ngaundere wata uku da suka wuce. Mahfuzu ya je jana'izar. Shi ne ma ya sayar masa da wannan kwamfutar, tun tana da sauran ƙuruciya.

Yanzu kuwa ta zama abin tausayi. Baƙar laftof ce mai nauyin dutsen niƙa, gefenta ya tsage an liƙe da salatif, wasu haruffan sun goge saboda dannawa. Tana ƙamshin turaren wuta kamar ɗakin amarya. Wayarta ta bi ta ƙarƙashin labule ta shige ɗakin, inda matar marigayin, Nazira, ke zaman takaba. Ba a ganinta, sai dai ƙasan labulen kan motsa jefi-jefi.

Alhaji Uba ya jawo kujerar roba ya zauna dab da shi, har gwiwarsa na taɓa kafaɗar Mahfuzu.

"Ga zancen a taƙaice," ya ce. "Abin nan yana kunna kansa. Ba wanda ya taɓa shi, sai ka ji muryar Taufiƙ tana kiran 'yarsa. Ni na ce inji ne ya lalace. Dada ta ce ba inji ba ne. Kai ne mai sana'ar, ka gaya mata."

"Na san ana naɗar murya, Uba, ba daga daji aka kawo ni ba," in ji Dada, mahaifiyarsu. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, carbi a hannu, idonta a kan kwamfutar. "Abin da nake tambaya, wa ke kunna ta? Ran da ka zo da jaka za ka tafi da yarinyar nan, rana tsaka, kowa yana tsakar gida. Ka kama hannunta ke nan ya kira ta. Ko ba a gabanka aka yi ba?"

Alhaji ya ciro hankici ya share wuyansa.

"Muddin ɗana yana kiran 'yarsa a ɗakin nan," ta ci gaba, "Hanan ba ta zuwa Banyo. Idan mai gyara ya nuna mini hannun da ke kunna ta, to, na yi shiru, ka ɗauke ta."

"Motar asuba zan bi gobe," Alhaji ya ce wa Mahfuzu a hankali. "Na riga na karɓi wurin mutum biyu a ajans, can tashar motar."

Sai a lokacin Mahfuzu ya fahimci irin aikin da aka kira shi ya yi, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ya saba a kawo masa na'ura a ce ta ƙi tashi. Yau an kawo wadda ke tashi ba a tashe ta ba, kuma a kan abin da zai faɗa za a raba yarinya da uwarta ko a bar ta. Yarinyar ma tana can gindin bishiyar bedi tana jera murafun kwalba, 'yar siririya da ba ta isa shiga lekol, makarantar boko, ba, ba ruwanta da abin da ake yi.

Ya yi bisimilla ya danna maɓallin. Fankar ciki ta ɗauki kuka, gilashin ya yi haske, ya dushe, ya sake yi. Ta daɗe tana nishi kafin ta buɗe. Daga nan sai lasifikar ta yi ƙarar tsagewa.

"Nazira, ku tashi, asuba ta yi." Muryar Taufiƙ ce, da 'yar shaƙewar nan tasa, da dariya a ƙarƙashinta. "Hanan! Hanan ɗin Baba, ina kike? Zo nan."

A gindin bedi yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Na'am, Baba," ta koma kan murafunta, kamar yadda ake amsa wa maƙwabci ta kan katanga. Dada ta rufe ido, laɓɓanta na motsi. Alhaji Uba ya kau da fuska ya zuba wa bango ido.

"Yi aikinka," ya ce.

Muryar ba ta yi wuyar samu ba. Taufiƙ ya ajiye ta cikin abubuwan da kwamfutar ke buɗewa da kanta duk lokacin da ta tashi. Mahfuzu ya duba agogon da ke kusurwa. A wurinta yanzu tsakar dare ne, a wata shekarar da ta wuce tun kafin a haifi Hanan. Ya kashe ta, ya sake kunnawa yana ƙwanƙwasa maɓalli ɗaya da sauri, har shuɗin shafin nan ya fito, wanda masu kwamfuta ba sa shiga sai masu gyara da masu karambani. Ya bi layukan da yatsa. Can ƙasa ya gan shi: an umarce ta ta riƙa tashi kullum da asuba. Taufiƙ mai karambani ne, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ke kwana a hanyar Meiganga fiye da yadda yake kwana a gida ya samo dabarar tashin iyalinsa salla ko yana ina. Abin da ya faru kawai, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, agogon ya haukace, asubarta ta koma faɗowa duk inda ta ga dama, yau da hantsi, gobe da la'asar.

Ga hannun da Dada ke nema, layi ɗaya a kan gilashi. Mahfuzu ya ji numfashin Alhaji a bayan kunnensa.

"Me ka gani?"

"Tukuna dai, Alhaji. Sai na buɗe cikinta."

Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya faɗi haka ba. Wataƙila amsar yarinyar ce ta tsaya masa a rai. Ya fita daga shafin, ya kashe ta, ya zare waya, ya kifa ta a kan tabarma. A nan ya lura da abin da ya kamata ya gani tun farko. Ba ta kwanta daidai ba. Bayanta ya turo, ta yi ciki, notin tsakiya har ya fara tsaga robar da ke riƙe da shi. Ya ɗora tafin hannu, ya ji zafin da ya wuce na aikin 'yan mintoci.

Ya kwance notocin yana jera su a murfin gwangwani. Yana sassauta na tsakiya, marfin ya ɗago da kansa. Babban batirin ya kumbura kamar burodin da ya ji yis, baƙar ledar da ke naɗe da shi ta miƙe tana ƙyalli. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya fito daga ƙarƙashin ƙamshin turaren. Mahfuzu ya san warin nan. Ya taɓa jin sa a rumfar Maxime, maƙwabcinsa a kasuwa, ran da wani batir irin wannan ya yi tsaki sau ɗaya ya tashi da wuta. Ruwa bai kashe ta ba. Sai da ta cinye teburin da rabin rufin, Maxime kuwa har yau hannunsa na dama ba ya dunƙulewa.

Ya janye sukudirebar daga kusa da shi a hankali.

Aka kira azahar a masallacin lungu. Alhaji Uba ya miƙe, ya dubi cikin kwamfutar, bai ga komai ba sai ƙura da wayoyi. "Tashi mu je."

"Ba a barin ta a buɗe, Alhaji. Ku yi gaba, zan yi tawa in na rufe."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa kafin ya saka takalmi. Dada ma ta dafa bango ta tashi, ta ɗauki buta ta zagaya baya. Tsakar gidan ya yi tsit. Ba kuran tun safe, an ɗauke lantarkin, fankar baranda a tsaye, zafin Garwa ya danne komai, ko ganyen bedi ba ya motsi.

"Malam Mahfuzu."

Daga bayan labule maganar ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Na'am. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ka gani, ko?"

Ya sunkuyar da kai kan notocin.

"Na san ka gani. Ina kallon yatsanka ta gefen labule, na ga inda ya tsaya." Ta ja numfashi. "A gabana ya saita ta. Ya ce in ba haka ba ni da Hanan sai rana ta tashe mu."

"Kin sani ke nan, kika bar su a kai."

"Ban ce musu komai ba. Ban ce aljani ba ne, ban ce shi ne ba. Su suka ji, su suka fassara. Ni dai ina sa mata caji."

"Me ya sa Alhaji ya matsa haka?"

"Matarsa ba ta haihu ba. Ya ce ni yarinya ce, gobe zan yi wani auren, ba za a kai jininsu gidan wani ba. Ba mugu ba ne, yana son ta. Amma ka san Banyo. In damina ta sauka ko moto ba ya shiga da daɗi. In ta tafi, sai dai in ji labarin aurenta." Ƙasan labulen ya motsa. "Ina takaba, ba ni da ƙafar zuwa gaban alƙali, ba ni da bakin yi wa wan mijina musu. Saura 'yan makonni in fita. Yayana zai zo daga garin Gidar, shi zai iya tsayawa ya yi magana. Abin da nake nema ke nan, 'yan makonnin nan."

Mahfuzu ya dubi batirin. Ya ji tausayinta, ya kuma ji haushinta, don ta ɗora masa kayan da ba nasa ba.

"Ba zancen muryar ne ya dame ni ba," ya ce. "Leƙo ki ga wannan. Batirin nan ya lalace, wuta yake jira. Dole in cire shi."

"In ka cire fa?"

"Shi ke riƙe da ita gaba ɗaya, ƙaramin ya mutu. Ina zare shi za ta manta abin da aka saita. Ko na sake saita ta, sai in akwai kuran za ta tashi, kin kuwa san kuran ɗin unguwarku."

"Sa wani."

"Irin nata babu a Garwa. Sai an aika Kano, in ma an samu."

"To a bar shi."

"Nazira, a ɗakin nan kuke kwana."

"Yaushe zai kama?"

"Allah kaɗai ya sani. Yana iya kaiwa baɗi. Yana iya kamawa kafin magariba."

Labulen ya tsaya cak. Can ta ce, "Motar Banyo kuwa na san lokacinta."

A gindin bedi Hanan ta gaji da wasa, ta taso tana jan ƙafa, ta raɓa ta gefensa ta ɗaga labule ta shige. Ya ji ta faɗa kan katifa, ya ji uwar tana cire mata takalmi.

"Ka gaya mini yadda zan yi da ita," in ji Nazira. "Duk abin da ka ce zan bi."

Ya san bai kamata ya amsa ba. Amsawa yarda ce. Amma bakinsa ya riga shi.

"A ƙasa za ki ajiye ta, kan siminti, nesa da katifa da labule. Ki sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashi. Kada a rufe ta da komai, ko ɗankwali. Kada ki bar ta a caji kina barci, kada ki bar ta a caji ba kya ɗakin. In kin ji tana tsaki ko warin nan ya ƙaru, ki ɗauki yarinya ku fita, kada ki tsaya ɗaukar komai."

"Na ji."

"Ran da kika fita takaba a kawo mini ita."

"Ran nan da kaina zan kawo. Allah ya saka, Malam Mahfuzu."

Bai ce amin ba. Ya ɗauki buroshi ya share ƙurar fanka, ya hure tokar turaren da ta toshe ramukan iska, don ko zafin ya ragu. Ya mayar da marfin ba tare da ya danna ba, ya ɗaura notocin gefe, ya bar na tsakiya sako-sako. Yana gamawa ya ji sallamar Alhaji a zaure. Dada ma ta fito daga ɗakinta da abin salla a kafaɗa.

"To?" Alhaji ya ce, bai ko zauna ba.

Mahfuzu ya shiga tattara kayansa don kada su haɗa ido. "Na duba, Alhaji. Ƙura ce ta yi mata yawa, na share. Muryar naɗaɗɗiya ce, kamar yadda ka ce."

"Wannan kowa ya sani. Wa ke kunna ta?"

"Ban ga abin da ke kunna ta ba."

"Ba ka gani ba, ko babu?"

"Ban gani ba."

"Kai da aka ce duk kasuwa babu kamarka?" Alhaji ya sunkuyo. Idanunsa sun yi ja, kuma Mahfuzu ya ga ba fushi kaɗai ne a cikinsu ba, har da tsoro. Mutumin nan so yake a ce masa inji ne, don ya samu ya yi barci. "Dube ni, Mahfuzu. Wani abu ya lalace a cikinta, ko lafiyarta ƙalau?"

Bayan labule ba motsi.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Mahfuzu.

Dada ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Ka ji da kunnenka, Uba. Je ka mayar musu da wurin mutum ɗaya."

Alhaji ya miƙe tsaye a hankali. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar. Bai yi musu ba. Uwarsa ce, kuma shi ya kawo mai gyaran da kansa.

Daidai nan fankar baranda ta yi ƙara ta fara juyawa. Yaran lungu suka kwashe da ihun an kawo kuran. Mahfuzu ya rataya jakarsa, yana jin wani sauƙi mai ɗaci, yana so kawai ya ga kansa a titi.

"Tsaya ka ga," in ji Dada. Fuskarta ta saki, rabon da a gan ta haka tun ran rasuwar. "Wata uku ina tsoron taɓa abin nan, ina cewa ko inji ne yake mini wasa da hankali. Ashe ɗana ne. Ɗana a ƙasa kan tabarma kamar kwanon wanki!"

Ta shiga ɗakin ta fito da babbar rigar Taufiƙ, shuɗiyar shadda mai nauyin aiki, wadda yake zuwa idi da ita. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu, ta naɗe ta a ciki, ninki a kan ninki, ta tusa bakin rigar ta ƙasa yadda ake yi wa jariri. Ta yaye labulen gaba ɗaya. Nazira ta ja mayafi ta juya baya, ta maƙale a bango. A kan katifa Hanan ta yi barci, bakinta a buɗe, murfin kwalba ɗaya a hannunta.

Dada ta ajiye ƙunshin a gefen matashin yarinyar, ta lalubo wayar, ta cusa ta cikin rigar har ta shiga, ta danna soket.

"Daga yau nan ne wurinsa," ta ce. "Ni zan riƙa kwana a bakin katifar, in ga mai ɗaga shi."

"Dada," in ji Nazira, muryarta kamar ba tata ba, "da an bar ta a ƙasa..."

"Ke yi mini shiru. Kin bar mijinki a ƙasa wata uku, bai ishe ki ba?"

Mahfuzu ya tsaya da jakarsa a kafaɗa. Daga inda yake yana hango ɗan koren hasken caji yana fitowa ta saƙar shaddar, tazarar tafin hannu daga kitson yarinyar.

"Dada," ya ce, "kada a rufe ta. Ba a rufe ta da tufa."

Tsohuwar ba ta ko waiwayo ba, tana gyara wa ƙunshin zama. Alhaji Uba ne ya juyo. Ya dubi Mahfuzu, ya dubi bayan Nazira, ya sake duban Mahfuzu, sannan ya matsa ya tsaya a tsakiyar hanyar zaure.

"Don me?" ya ce a hankali. "Ba kai ka ce lafiyarta ƙalau ba?"